Shekarar Karan Dafi

Fa'iza, ranar sadakar arba'in ta babanku kin faɗi wata magana a kicin, kina wanke kofuna, kin ɗauka ban ji ba. Da Turancinki kika gaya wa ƙaninki Sadiƙu, wai Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma da ba don shi ba da yanzu Mama dakta ce, shi ya raba ta da aikinta. Na ji sarai. Kunnena ɗaya ne ya yi nauyi, ba duka biyun ba. Ban tanka ba don gidan cike yake da mutane, kuma da na buɗe baki a ranar, kuka zan yi ba magana ba. Yau na zauna in rubuta muku yadda aka yi, domin maganar nan ƙarya ce, kuma ni ce na bar ta ta yi ƙafa tana yawo shekara da shekaru. Ba ku da laifi, abin da kuka taso kuka ji kowa yana faɗa ke nan.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda Iya, kakarku ta wajen uba, ta zo daga Kano aka yi mata aikin ido, ta zauna da mu wata bakwai a flat ɗinmu na unguwar Catford a nan London, wanda ke saman shagon wanki. Ke kina aji biyu, Sadiƙu bai fara makaranta ba. Babanku yana tuƙa bas mai hawa biyu, duk da cewa karatu ne ya kawo shi ƙasar nan. Ni kuma ina cikin shekarata ta huɗu a wani ɗakin gwaji da ke ƙetaren kogi, jirgin ƙasa ɗaya da bas ɗaya daga gida. Aikinmu launi ne. Idan masu yin giya sun matse inabinsu, ɓawon da ya rage ba a zubar da shi. Akwai kamfanonin da ke saye, su fitar da jan da ke cikinsa su mai da shi gari, a sayar wa masu alawa da yogot da lemon kwalba. Mu kuma a kawo mana garin mu duba, shin jan inabi ne zalla, ko an yi masa algus.

Ga yadda ake yi. Sai in auna ɗan kaɗan, abin da bai kai kan cokalin shayi ba, in narka shi a ruwa mai tsami, in tace, in ɗura a cikin wata na'ura mai siririn bututu. Jan inabi ba ja ɗaya ba ne, dangi ne, kuma kowanne da saurin tafiyarsa a cikin bututun. Duk wanda ya fito sai na'urar ta zana masa tudu a allon kwamfuta. Na san tuddan nan kamar yadda na san 'yan gidanmu: waɗanda ke fara fitowa, da babban da ya fi kowa tsayi, da ƙananan da ke biyowa a baya. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Da safe idan na sa farar rigata na kunna na'urar, ji nake babu wadda ta kai ni sa'a a London. Matsalarsa ɗaya, safar hannu takan ɓule, kuma jan inabi idan ya shiga ƙarƙashin farce sai ya kwana uku bai fita ba.

Kun san ni da zoɓo. Tun kafin a haife ku, duk wani suna ko walima da za a yi a cikin mutanenmu, daga Catford har Abbey Wood, ni ke kawo zoɓo, da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Ana nan aka yi wani suna a Abbey Wood, na kai jarka biyu kamar kullum. Aka ci, aka sha kunun aya, aka sha lemon kwalba, jarkokina suna nan inda na ajiye su, ko murfi ba a kwance ba. Da farko na ɗauka sanyi ne ya hana mutane. Sai na lura duk wadda muka gaisa da ita, hannuna take kallo. Ashe wata ta ga katin aikina a cikin jaka, da hoton inabi da kofin gilashi a jiki, magana ta zaga.

Wadda ta fito fili ta faɗa mini ita ce Hajiya Azumi. Kun san ta, mutuniyar Ghana da ke Edmonton, wadda ke dafa wake da shinkafa a kowane taro. A lokacin ita ce uwar matan, abin da ta ce shi ke nan. Hausarsu ta Zango ba ruwanta da mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta tsaya a gabana da ludayi a hannu.

"Maman Fa'iza, ni ba na munafunci. An ce inda kake aiki giya ake yi. Wannan abin da ke farcenka ai ba lalle ba ne."

Na ce, "Hajiya, ɓawon inabi nake dubawa. Ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba."

"Ban ce ka sha ba. Amma hannun da ya wuni a cikin kayan giya, ni ba na shan abin da ya dama."

Ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ke falon ya ji. Ni kuma kun san halina, gara in haɗiyi garwashi da a ga hawayena. Na yi wa mai jego barka, na ɗauki jarkokina biyu cike, na fita. A jirgi na riƙe su tsakanin ƙafafuna suna ta kaɗawa, raina yana tafasa.

Babanku da ya ga jarkokin bai tambaye ni komai ba sai da ya ɗauko kofi ya cika ya shanye, ya ƙara. Sannan na ba shi labari. Ya ce, "Saude, inabi ko a Aljanna akwai shi. Ba ki matsa ba, ba ki sayar ba, ba ki sha ba. Masu ha'inci kike kamawa. Su bar mana zoɓonmu, wa ya yi asara?" Kwana tara yana shan zoɓon nan safe da yamma, har da ɗura shi a gora ya tafi da shi wurin aiki, har sai da Iya ta ce ya tausaya wa cikinsa. Amma fa abin bai tsaya a dariya ba. Aka yi taro biyu ba a kira ni ba. Matar da muke kai yara makaranta tare ta sauya hanya. Na ce a raina, ko duk London za ta daina gaishe ni, ba zan bar aikina saboda tsegumi ba.

Cikin kwanakin nan ne aka kawo mana wani gari daga wani kamfani na waje, da takarda cewa jan inabin giya ne zalla. Na ɗura shi a na'ura, 'yan gida suka fito kowa a gurbinsa, sai ga wani baƙon tudu a tsakiya, inda ban taɓa ganin kowa ba. Na ɗauka datti ne, na wanke bututun na sake. Yana nan. Na sake sau biyar, yana nan daram. Kuma launinsa ba irin nasu ba ne, na inabi suna karkata zuwa shunayya, shi kuwa yana karkata zuwa ruwan goro. Shugabarmu, Dakta Moira, wata doguwar Baturiya mai shan shayi babu sukari, ta sa aka kawo duk abubuwan da aka san ana algus da su: baƙin karas, jan kabeji, baƙar shinkafa, da 'ya'yan wata itaciya tasu ta Turai. Ni da kaina na kawo zoɓo daga gida, tunda dai babu mai sha. Babu wanda ya zauna a gurbin baƙon nan. Sati shida muna abu ɗaya, har ta gaji.

Ta ce, "Saude, rubuta cewa akwai abin da ba a gane ba, mu rufe. Aiki ya taru."

Na ce, "Ki ba ni sati biyu. Yara ne za su tsotsi alawar da za a yi da garin nan. Ba na sa hannu a kan abin da ban san sunansa ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ta ba ni. Sannan ta ƙara da wata magana. Wai a sabuwar shekara za a rufe sashenmu a haɗe shi da na hawa na biyu, kuma akwai gurbi ɗaya na karatun dakta, wato digiri na uku, ana biya ana koyarwa. Idan na gano baƙon nan, sunana za ta miƙa. Na san abin da ake yi a hawa na biyu, kowa ya sani, amma a ranar ban bar kaina na yi tunaninsa ba. Kalmar dakta kawai na ji, kuma tun ina 'yar sakandare nake mafarkinta.

Da na'ura ta gaza, sai na koma tsohuwar hanya, ta takarda. Ana ɗiga ruwan a gindin wata farar takarda mai tsotsa, a tsoma bakinta a sinadari, ruwan ya riƙa hawa yana jan launukan, kowanne ya tsaya a inda ƙarfinsa ya kai. Sai ka ga ɗigo-ɗigo a jere. Na yi guda da yawa, na sa ɗaya a cikin littafina na tafi da ita gida, don ko a bas kallonta nake. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a teburin kicin na tasa ta a gaba, Iya tana gefe ta jiƙa kanwa za ta kaɗa miyar kuɓewa. Kwana kaɗan ke nan da cire mata bandeji, komai ta gani sai ta tambaya, kamar yarinya.

"'Yar nan, me kike kallo haka tun ɗazu kamar mai duba?"

Na yi mata bayani a taƙaice, don ban ɗauka za ta gane ba. Na ce duk waɗannan jan inabi ne, idan abu mai kaifi irin kanwa ya taɓa su sai su koma shuɗi-shuɗi, kore-kore. Wannan ɗaya ne ya ƙi, kuma shi muke nema. Ta tsoma tsinken sakace a ruwan kanwarta, ta bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa. Duk suka dushe suka yi duhu. Da ta zo kan baƙon, sai ya tashi daga ruwan goro ya koma ja jawur. Ta matso da takardar kusa da idon da aka gyara, ta daɗe tana kallo.

"Jan da kanwa ke ƙara wa ƙarfi? Ai wannan karan dafi ne."

Ku ba ku san karan dafi ba. Wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba, sai don kuben ganyenta, wanda ke naɗe da karan, ja ne kamar jini. Iya 'yar dukawa ce, mahaifinta da shi yake rina fatar akuya, kuma tun tana ƙarama ita ke daka masa shi ta jiƙa da ruwan toka. Ni kuwa da digirina, sai na yi mata dariyar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Iya, garin nan fa daga Turai aka kawo shi."

Ta ce, "To dawa ta gaya miki ita Bakanuwa ce? Mai ha'inci ai ba ya tambayar garin abu, araharsa yake tambaya." Ta ɗauki maburginta ta ci gaba da miya.

Maganar ta tsaya mini. Amma a ɗakin gwaji ba a cewa surukata ta ce. Sai na samo karan dafin kansa, na fitar da jansa, na ɗura a na'ura, na ga ko zai zauna a gurbin baƙon. Na zaga shagunan Lewisham da Peckham. Wani ya ba ni jan gari a leda babu suna, na ce a'a, garin da ban san asalinsa ba ba ya zama shaida. Aikowa daga Kano kuwa sai ya fi sati biyun da aka ba ni. Babanku yana kallona ina ta safa da marwa, ran nan ya ce, "Kin san fa akwai mutum ɗaya a garin nan da ba ta rabuwa da shi. Me kike tsammani ke sa waken Hajiya Azumi yin ja?" Na ce ko shi ne maganin mutuwa ba zan taka ƙofarta ba. Ya ce to. Kwana uku ina cika ina batsewa, a na huɗu na yafa mayafina na kama hanyar Edmonton.

Tana hawa na tara a gidajen gwamnati na council, lif ɗin da ke kai mutane sama ya lalace, na isa ina haki. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, ba ta nuna mamaki ba. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, na sha. Na lura da wannan, ni na sha nata, ita ba ta shan nawa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, maigida, yara, Iya da ido, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi guda, busasshe, ja mai duhu, wanda ƙanwarta ta aiko mata daga Kumasi.

"Me za ka yi da shi a gidan giya?"

Na haɗiye wannan. Na ce wani ne ya zuba shi a garin da ake yi wa yara alawa, ya ce inabi ne, ni kuma zan kama shi.

Ta ce, "Karan dafi ba ya kashe kowa, mu ci muke. Amma ƙarya ƙarya ce. Ɗauka."

Da nan na tashi da shi ke nan. Amma bakina bai bar ni ba, ina son ta san wadda ta wulaƙanta. Na ce, "Idan na gama wannan ma, karatun dakta za su ba ni."

Ta ce, "Masha Allah. Daktan me?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, da gaske take son ji. Ni kuwa hawa na biyu ne ya faɗo mini a rai. Na ce daktan sinadarai, na yi mata sallama. Hawa tara na sauko da ƙafa, tambayar nan tana bina.

Ranar Litinin na jiƙa karan dafin, na tace, na ɗura. Na zauna na ƙura wa allon ido. Tudu ya tashi daidai inda baƙon yake tashi, launinsu ɗaya. Don kada a ce dace ne, na haɗa ruwan karan dafin da na garin a kwalba ɗaya na sake ɗurawa. Da abu biyu ne, da tudu biyu za a gani, ko ɗaya mai kafaɗa. Ɗaya ya fito, siriri, ya ƙara tsayi. Na ce alhamdu lillahi a fili, har na kusa da ni ya waiwayo. Dakta Moira ta sa aka aika wani ɗakin gwajin da ke da na'urar auna nauyin ƙwayar abu, amsa ta dawo daidai: jan dawa ne, dangin da inabi ba ya yi. Dakta Moira, matar da ba ta dariya, ta rungume ni. Ta tambayi yadda aka yi na gano, na ce wata tsohuwa ce mai ido ɗaya da tsinken sakace. Da na gaya wa Iya, cewa ta yi, "To," ta tambaya ko na sayo mata goro.

Bayan kwana biyu Dakta Moira ta hau da ni hawa na biyu in ga inda zan zauna. Ɗaki ne mai haske, na'urori sababbi fil, kwalabe jere har rufi, da wani tsami-tsami da ke tashi. Mutanen kirki ne, sun karɓe ni hannu biyu. Shugabansu ya ce ya san addinina, babu wanda zai ce in ɗanɗana komai. Ya zayyana mini aikin: shekara uku zan yi ina bin jan nan tun daga gona, in gano ranar da ta fi dacewa a tsinke inabin, da kwana nawa za a bar ɓawon a jiƙe, don giyar ta yi kyau a ido ta daɗe ba ta koɗe ba. Yana magana, ni kuwa muryar Azumi nake ji. A ƙasa ina tsare abin da yara za su ci. A nan kuwa, duk wayona da ƙwazona, da abin da Iya ta koya a gidan ubanta, zan tattara in gyara wa mai giya giyarsa ta ƙara farin jini. Kafin mu sauko matakala na san amsata, kuma na ji kamar an cire mini wani abu a ƙirji ba tare da allurar kashe zafi ba.

To, ku buɗe kunnuwanku, nan ne wurin da aka juya muku labari. Da na gaya wa babanku ba zan karɓa ba, tsalle ya yi ya dire. Ya ce tsegumin mata ne ya ci ni. Na ce ba shi ba ne. Ya ɗauki hutun kwana biyu ya zaga wurin malamai uku. Biyu suka ce in nisanci abin, ɗaya ya ce ilimi ne, akwai sauƙi a ciki. Ya dawo gida da amsar na ukun yana murna kamar wanda ya sayo mini zinariya.

Na ce, "Malam, ka je wurin uku, ka kawo mini ta ɗaya. Kuma ko duka ukun sun halatta, ni zuciyata ba ta kwanta ba."

Ya ce, "Saude, na ajiye nawa karatun na hau bas don ɗayanmu ya kai. Yanzu kin zo bakin ƙofa ki ce kin fasa? To ni wahalar me na yi?"

Tunda muka yi aure ban taɓa ganin idonsa ya yi ja a kaina ba sai ranar. Shi da kansa ya cike mini takardar neman gurbin da kyakkyawan rubutunsa, ya ajiye a kan firij, saura sa hannuna kawai. Sati guda tana nan, sati guda ba ya cin abincina sai dai ya taɓa. Iya ba ta shiga tsakaninmu ba, kun san ba ta ko kiran sunansa, ɗan fari ne. Sau ɗaya kawai, muna tsinke alayyafo, ta ce mahaifinta ba ya ɗinka kube sai ya tambayi wuƙar da za a sa a ciki. Ban sani ba ko da ni take ko da shi. Ranar da na rubuta wasiƙar ajiye aiki, shi ya raka ni tasha, ya tsaya tare da ni har jirgi ya zo. Sai da zan shiga ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Aka rufe sashenmu, na samu aiki a ɗakin gwajin wata sakandare, ina wanke kwalabe ina jera wa yara kayan darasi, kuma a nan na yi ritaya. Kun san wannan. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda labarin ya fita. Kafin ƙaramar Salla magana ta zaga cewa Malam Kabiru ya nuna shi namiji ne, ya fitar da matarsa daga gidan giya. A masallaci har ana dafa kafaɗarsa. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce zai tashi ranar Juma'a ya faɗi gaskiya, ba ya son yabon abin da bai yi ba. Ni na hana shi. Na roƙe shi ya bar ta a haka. Dalilina kuwa ba na kirki ba ne: ba na son Azumi ta san tambayarta ce ta kayar da ni. Gara a ce miji ne ya tilasta mini, da a ce na yarda tana da gaskiya ko da rabi. Girman kai ne, ba wani abu ba. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan, zan ɗauka." Ya ɗauka kuwa, har kabarinsa. A walimar Salla Azumi ce ta fara kwance murfin jarkata ta cika kofi, sauran suka biyo.

Kada ku tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Amma ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yanzu. Yarinyar da aka ba gurbina, ni na koya mata riƙon sirinji, yau farfesa ce. Akwai safiyar da nake wanke kwalaben yara ina jin hawaye yana gangarowa cikin ruwan sabulu. Abu na zaɓa da hankalina, na san kuɗinsa, na biya. Abin da ban yi daidai ba shi ne barin wani ya ɗauki nauyin zaɓina.

Satin da ya wuce na sa Sadiƙu ya kai ni Edmonton, ya ɗauka gaisuwa ce kawai. Hajiya Azumi ta tsufa ƙwarai, ba ta tashi sai da sanda. Na zauna a gefen gadonta na gaya mata komai, na ce ba Malam ne ya hana ni ba, tambayarta ce. Ta yi dariya har tana tari.

"Maman Fa'iza, ai na sani tun a lokacin. Washegarin sunan nan mijinka ya hau hawa tara ya same ni a nan, da rigar aikinsa. Ya ce matata ta fi ni tsoron Allah, Hajiya, kin zalunce ta. Ya ajiye mini gorar zoɓonka a kan tebur ya fita. Wannan mutumin ne zai hana ka aiki?"

Bai taɓa gaya mini ya je ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare, bai taɓa gaya mini ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar arba'in, a ɗakin matar da na yi rantsuwa ba za ta ga hawayena ba.

Saboda haka, Fa'iza, ni na hana kaina zama dakta, kuma da za a sake da haka zan yi. Ki karanta wa ƙaninki wannan, inda Hausa ta fi ƙarfinsa ki fassara masa. Idan kuma za ki yi wa babanki addu'a, ki ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ki tsaya a nan. Wannan "amma" ɗin tawa ce, ki bar mini ita.